Turmi a Bakin Ruwa

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi

Giwaye sun iso. Ni na raɗa musu wannan suna. Jiragen inji ne guda biyu, wani Alhaji daga Funtua ya kawo su a bayan tirela, aka sauke su a mashigin dam ɗinmu, daidai inda Malam maigidana yake ɗaure kwalekwalensa tun kafin in yi furfura. Kowanne da rumfarsa, da kujerun soso, da lasifika. Wai baƙi za su riƙa zuwa Asabar da Lahadi a zaga da su kan ruwa suna ɗaukar hoto. Na ce ikon Allah, ruwan da muke wanke tsumman yara a ciki, yau shi ake tasowa daga birni a kalla.

Kwalekwalen Malam a gefensu kamar ɗan tsako tsakanin shanu. Ga zaninsa naɗe a jikin gora. Buhunan taki ne goma sha biyu na farke na ɗinke masa, in ya buɗe sai iska ta tura shi, ya huta da tuƙi. Duk ƙasar Malumfashi jirginsa ne kaɗai ke ɗaura zani.

Na ce, "Malam, ka ga sababbin maƙwabtanka?"

Ya juya can inda babu su, ya ce, "Na gani. Ƙatti ne."

Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin Sa'adatu jikata. Bakina ba ya riƙe magana, kowa ya sani, gara in zuba ta nan. Karatun yaƙi da jahilcin da na yi a Ƙarfi ya yi rana.

Juma'a, 3 ga wata, bayan la'asar

Matan unguwa sun sake yi mini dariya. Wai Iya Rahama ta rikice, ga gida da inuwa amma sai ta mirgina turmi har bakin ruwa take daka. Na ce musu geron da ya sha iskar dam ya fi garɗi, in ba su yarda ba su tambayi likita.

Kai littafi ba ka da baki, bari in gaya maka. Zuwa tsallake ba ya ba Malam wahala, can yashi ne shimfiɗe, duk inda ya dosa ya sauka. Dawowa ce matsala. Ɓangarenmu duwatsu ne, ƙofar da jirgi ke bi ba ta fi faɗin zaure ba. To yau shekara ɗaya da rabi ke nan, da zarar la'asar ta yi na hango zaninsa ya taso, sai in kafa turmi daidai ƙofar in fara. Uku a jere, in cilla taɓarya in tafa. Uku a jere, in tafa. Shi kuma ya biyo. Da kunne yake dawowa gida.

Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. Wata rana dai na yi daka a nan, ya sauko ya ce, "Dakan nan ya yi daɗi." Washegari na sake.

Yau ya sauke buhun masara shida da mata uku da akuya, lafiya lau.

Asabar, 4 ga wata, da magariba

Hannuna kamar ba nawa ba.

Baƙi sun zo mota mota. Amarya da ango har biyu, an sa musu rigar ruwa mai launin lemo a kan leshi, sun koma kamar kabewa. Aka kunna lasifika, aka tayar da inji. Na yi daka har geron ya zama gari, garin ya kusa zama hayaƙi. Malam ya yi ta kewaye a tsakiyar ruwa kamar mai neman kuɗinsa da ya faɗi. Sai da aka kashe waƙa don sallah sannan ya shigo.

Ya ce iska ce ta juya. Na ce ƙwarai, iskar nan ba ta da tarbiyya.

Mai tuƙa babbar giwar ya zo ya kama masa igiya. Sunansa Jibril, mutumin Yawuri, magidanci mai sanyin murya. Ya daɗe yana shafa zanin jirgin. Ya ce, "Baba, wa ya yi wannan ɗinki? Rabona da ganin irinsa tun kakana."

Na ce, "Wata yarinya ce kyakkyawa, ga ta tsaye gabanka."

Ya ce, "Iya, Allah ya bar mana ke."

Yaron kirki. Injinsa ne ba na kirki ba. In ya wuce, igiyar ruwan da yake tayarwa sai ta riƙa buga kwalekwalen da dutse kamar mai bin sa bashin gaba.

Litinin, 6 ga wata, da safe

Malam ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ya ɗauki kaza. Mun yi dariya. Ni na fi shi daɗewa ina yi, don kada in yi wani abin.

Laraba, 8 ga wata, da azahar

Uwa mai fura ta ga kasuwa. Ta kafa rumfa a gindin marken da ke kusa da giwaye, ta kawo turminta, wai baƙi sun fi son su ga ana kirɓawa a gabansu. Yanzu turmi biyu ne a bakin ruwa. Nata dakan ba kai ba gindi, kamar jaki na tafiya a kan kwano. Ban damu ba.

Sa'adatu ta zo daga makarantar koyon aikin lafiya. Tun da ta fara sa farin kaya ba a isa a yi tari a gabanta ba. Ta zauna tana kallon kakanta yana laluben bakin tabarma da ƙafa.

Ta ce, "Iya, yaushe rabon da a duba idon Baba Tsoho?"

Na ce, "Idon da ya zaɓo ni cikin 'yan matan Gozaki kaf? Ke dai nemi irinsa, kin tsaya kina zaɓen masu gilashi."

Ta ce, "Iya, ba wasa nake ba."

Na ce, "Ni ma auren nake nufi."

Ta tafi ba ta gamsu ba. Tsorona kada ta kai wa ubanta. Baban Sa'adatu, ɗana na fari, ya daɗe yana cewa mu koma wurinsa Funtua, a sayar da kwalekwalen, Malam ya zauna a shagonsa yana shan iskar fanka. In ya ji wannan, ya samu sandar da yake nema. Malam kuwa in ka raba shi da ruwa, ka tafi kawai ka sayo likkafani.

Alhamis, 9 ga wata, da yamma

Jibril ya ce, "Iya, ba za ki shigo ki ga cikin jirginmu ba? Kujerar kamar cinyar uwa."

Na ce ni matar mai jirgi ce, ba na hawa na wani. Amma na leƙa. Har da madubi.

Shekara arba'in da bakwai ina zaune a bakin ruwa, ban taɓa zama a kan abu mai laushi a cikinsa ba. Na faɗa ne kawai.

Asabar, 11 ga wata, bayan magariba

Ba abin da ya faru yau.

Lahadi, 12 ga wata, da hantsi

Na shanya rigar Malam da wandonsa. Hular ba a gan ta ba.

Gorar ta karye gida biyu. Zanin ya yage tun daga sama har ƙasa. An jawo kwalekwalen an kife shi a kan yashi.

Marka tana da rai. Marka matar Ɗanasabe, Bamagujen tsallake, abokin Malam tun suna samari. Ita kaɗai ya ɗauko, da buhun masararta. Jibril ne ya faɗa ruwa da kayansa ya cafko ta ta ɗankwali. Masarar tana ƙasan dam, kifi na biki.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na rubuta sau biyu, sau ɗaya bai isa ba.

Litinin, 13 ga wata, da azahar

Gari ya gama yanke hukunci. Wai Malam ya shigo da zani buɗe, iska na bayansa, maimakon ya nufi ƙofar duwatsu sai ya miƙe tsakanin giwaye biyu, gorarsa ta sarƙe da igiyar da ta riƙe babban, jirgin ya kife. Wasu sun ce tsufa. Wasu sun ce aljanun dam ba sa son waƙa. Uwa mai fura tana ta rantsuwa ita dai dakanta take yi, ta ɗaga kai ta ga jirgi ya nufo rumfarta kamar an aiko shi.

Na kai masa kunu na ce, "Malam, ashe haka kake? Shekara arba'in da bakwai kana cin tuwona, ka rasa dakan da za ka bi sai na Uwa? Da ka faɗa mini tun da wuri ai da na kai maka goro gidansu."

Ya ce, "Kuskure ne, Rahama."

Ko murmushi bai yi ba. Ni ma abin bai yi mini daɗi a baki ba.

Talata, 14 ga wata, da safe

Lemon kwalba ba shi da wani daɗi. Ban san abin da mutane suke ji a ciki ba. Ba zan ƙara sha ba har in mutu.

Laraba, 15 ga wata, bayan la'asar

Na je bakin ruwa ɗauko turmina. Jibril yana wanke jirgi, ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Iya, da na fito da Baba, na tsaya gabansa ina miƙa masa hannu. Ga hasken rana tar. Yana ta tambaya wane ne."

Na ce, "Ruwa ne ya shiga masa ido."

Ya ce, "Haka ne. Ni ban gaya wa kowa komai ba. Ko nasa, ko naki." Ya miƙe tsaye. "Amma a garinmu ana cewa ruwa ba ya rufa asiri sau biyu."

Na ce, "Ku mutanen Yawuri kifi ya yi muku yawa, shi ya sa kuke magana da ƙaya."

Ya yi dariya, ya ɗora mini turmin a amalanke. Ya ce ya roƙi a riƙa kashe lasifika da la'asar, an ce baƙi ba za su yarda ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ma ci yake nema.

Juma'a, 17 ga wata, da yamma

Na hau acaɓa na zagaya ta gada na je duba Marka. Tafiyar da Malam ke yi kafin shayi ya huce, ni sai da ƙuguna ya kusa rabuwa da ni.

Tana kwance tana tari, amma bakin nan yana nan. Ta ce, "Matar Malam, na sha dam ɗinku na rage muku rabi. In rani ya yi kuka rasa ruwa, ku zo wurina."

Na ce, "Da ma ke ba a gayyatarki sha a rage."

Muka yi ta yi. Da zan tafi Ɗanasabe ya raka ni har bakin shinge. Bai kalle ni ba, yana ta gyaran ƙotar fartanya.

Ya ce, "Mijinki Mamuda ɗan'uwana ne. Shi ya ƙetare da gawar babana, ko goro bai karɓa ba. Tun bara nake lura, in na ɗaga masa hannu daga gona ba ya amsawa sai na yi magana. Na yi shiru, na ce ruwan ya san shi." Ya buga ƙotar a ƙasa. "Amma matata guda ɗaya ce, Rahama."

Duk hanya ban tsokani ɗan acaɓa ba. Har ya tambaya ko lafiya.

Asabar, 18 ga wata, da la'asar

Ana ta waƙa a bakin ruwa. Malam yana zaune a zaure, ya juya kunne wajen dam. Ban yi daka ba. Tuwon jiya muka ɗumama.

Talata, 21 ga wata, da hantsi

Sa'adatu ta kira a wayar maƙwabta. Ta gaya wa ubanta. Ta ce, "Iya, ki yi fushi da ni, na yarda. In yanar ido ce ana cirewa, aikin ba ya daɗewa. Amma in aka bari ta daɗe, ko kuma ba ita ba ce, kowace rana asara ce."

Na ce, "Munafuka, 'yar farin kaya." Ta ce, "Na ji. Ina gaida Baba Tsoho."

Baban Sa'adatu zai zo ran Asabar da mota. Wai har ya samu wani masunci daga Musawa da zai ɗauki kwalekwalen.

Ban gaya wa Malam ba. Na gaya wa kaza, ita ma ta juya mini baya.

Alhamis, 23 ga wata, bayan azahar

Yau na shimfiɗa zanin jirgin a tsakar gida ina ɗinkewa, ban san don me ba. Malam ya lalubo ya zauna, ya riƙe mini gefe ɗaya yana ja don ɗinkin ya miƙe. Basilla tana shiga tana fita. Sai na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Malam, ran Asabar ɗin nan ban yi daka ba."

Ya ce, "Uhm."

Na ce, "Na duba ban hango ka ba, na ce da saura. Babbar giwar tana ɗaure, yawancin baƙi sun sauka cin abinci. Jibril ya ce in shigo in ɗanɗana kujera. Na ce minti biyu. Wata amarya ta ba ni lemo, na shiga ba su labarin yadda ka zo zance gidanmu jaki ya kayar da kai a gaban babana. Suna dariya ina ƙarawa. Ban ɗaga kai ba sai da na ji ƙarar gora." Na ajiye basilla. "Ba ka ji nawa ba, shi ya sa ka bi na Uwa. Ni na kifar da kai. Ni na kusa kashe Marka. Kuma na zo ina tsokanarka a kai."

Ya ja zanin ya ce, "Ɗinka, kin bar shi ya saki."

Na ɗinka.

Ya ce, "Dakan Uwa ko a mafarki ba zan bi shi ba. Na ji shi sarai, na san ba naki ba ne. Na tsaya tsakiyar ruwa ina jira. Sai iska ta kawo mini dariyarki." Ya gyara zama. "Na ce to, yau ba ta daka, amma ga ta can. Inda Rahama take, nan ne tudu. Na saki zani na nufo ki."

Na ce, "Ka sani, ka bar ni ina ta zuba kwana goma sha biyu?"

Ya ce, "Kin samu abin tsokana. Na ce in na karɓe miki shi, da me za ki tsaya?"

Ban san lokacin da na jiƙa buhun taki da hawaye ba. Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ba ke kika ɗauko Marka ba, ni ne. Mutumin da ba ya ganin hannunsa ya ɗauki matar mutane ya hau ruwa da ita. Shekara ɗaya da rabi ina yi, kina taya ni. Mu biyu muka yi wannan, kuma ya isa."

Yau ne ya fara faɗa da bakinsa. Na gaya masa maganar zuwan Baban Sa'adatu ran Asabar. Ya ce ya ji, katangar maƙwabta ba ta da kauri.

Asabar, 25 ga wata, da azahar

Baban Sa'adatu ya zo da jawabinsa a shirye, na gani a yadda ya ajiye takalmi. Malam bai bari ya fara ba.

Ya ce, "Salisu, ba na gani. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai haske da inuwa. Zan bi ka asibiti. Ba zan ƙara ɗaukar ɗan kowa a jirgi ba sai likita ya ce na iya, in bai ce ba shi ke nan. Amma jirgina ba na sayarwa ba ne ina da rai. Ka sallami mutumin Musawa."

Ya ce, "Baba, in ya zauna a kife rana za ta tsaga shi."

Malam ya ce, "Ba a kife zai zauna ba."

Ashe jiya, ina wurin suna, ya sa an kira masa Jibril sun gama magana. Za a mayar da kwalekwalen ruwa a ɗaure a bayan babbar giwar, inda igiyar ruwa ba ta buga shi da dutse. Jibril zai riƙa kwashe masa ruwa kullum. Ranakun da ba baƙi kuma zai riƙa ƙetare da mutanen tsallake a cikinsa, in Malam ya koya masa zani. Wai tun ranar da ya gani yake kwaɗayi.

Na ce, "Kai Jibril, ka bar kujerar soso ka koma buhun taki?"

Ya ce, "Iya, ke ma ai kin gwada ta, kin dawo."

Baban Sa'adatu ya ce wace kujera? Na ce tashi ka ci abinci, maganar manya ce.

Lahadi, 26 ga wata, da hantsi

Sun fita su biyu kafin baƙi su zo, Malam a baya riƙe da igiya, Jibril a gaba yana faɗa masa hanya. Sabuwar gora, tsohon zani. Na tsaya ina jin Malam yana yi masa faɗa har tsakiyar ruwa, wai yana jan igiya kamar mai jan saniya. Da suka dawo fuskarsa ta yi haske. Ya shafa bakin jirgin, ya daɗe, sannan ya ce a kai shi gida.

Talata, 28 ga wata, da safe, asibiti

Muna kan benci tun fitowar rana. Likita ya haska, ya ce na dama sai haƙuri. Na hagu akwai yana, za su cire yau, sai an buɗe gobe a san abin da Allah ya yi. Na tambaye shi ko in an gyara Malam zai gane na tsufa, in haka ne a bar shi yadda yake. Sa'adatu ta ce in yi wa Allah in yi shiru, nan ba bakin dam ba ne.

Na yi shiru. Ban kai minti biyar ba Malam ya fara juya kai, hagu, dama. Wurin cike da takalma da ƙarar keken marasa lafiya, ba abin da ya sani a ciki.

Ya ce, "Rahama?"

Na ce, "Ga ni."

Ya ce, "To ki yi ta magana."

Sun kira sunansa. Zan ajiye biro in bi shi har ƙofar da za su tsayar da ni, daga nan kuma sai su yi haƙuri da ni, don ta bayan ƙofa zan ci gaba.